Rayuwa a Jirgin Binciken Roba a Teku: Darasi Daga Bakin Gulbin Gagare

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin ayyukan da ke jiran malamin Hausa a firamare da ƙaramar sakandare shi ne koyar da karatun bayani, wato irin rubutun zuben da ke ɗauke da ilimin wani abu na haƙiƙa, ba ƙagaggen labari ba. Wahalar aikin takan fito fili ne idan abin da ake bayani a kansa ya yi nesa da idon yaro. Teku babban misali ne. Yaron da aka haifa a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, tsakaninsa da gaɓar teku akwai nisan da ya haura kilomita 700, kuma babban ruwan da ya sani shi ne gulbi idan ya kawo da damina.

A wannan darasi za a duba yadda masu bincike ke rayuwa da gudanar da aiki a cikin jiragen ruwa masu tafiya da iska, domin ƙidayar robar da ta gurɓata teku. Da gangan aka zaɓi maudu'in. Idan mai koyon malanta ya iya shigo da shi aji da Hausa har yaron Zurmi ya fahimta, to, da wuya wani bayanin kimiyya ya gagare shi. Za a kuma ga cewa ginshiƙin wannan bincike ba tsadaddiyar na'ura ba ce, ƙidaya ce da haƙuri da riƙon amana, kuma ɗalibai ne suka yi wani babban kaso nasa.

2.0 Daga Gulbi Zuwa Teku

Ƙa'idar koyarwa ita ce a tashi daga abin da yaro ya sani a nufi wanda bai sani ba. Saboda haka ba da teku za a fara ba, da gulbi za a fara. Gulbin Gagare yana bi ta Ƙauran Namoda. Gulbin Bunsuru kuwa daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa ƙasar Zurmi. Su biyun suna haɗuwa can arewa, wajejen Shinkafi da Isa, su zama Gulbin Rima. Rima ya bi ta Sabon Birni, ya cika madatsar Goronyo, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan ya gangara ta Argungu da Birnin Kabi ya faɗa Kogin Kwara. Kwara ya wuce Yawuri da Kainji da Jaba da Lakwaja, ya rarrabu rassa-rassa a yankin Neja Dalta, ya zube a Tekun Atlantika. Malami ya zana wannan hanya a allo, ya bar yara su bi ta da yatsa. Daga ranar teku ya daina zama tatsuniya a wurinsu, ya zama ƙarshen gulbin garinsu.

Abu na biyu da yaro ya sani shi ne leda. Kakanninsa a ganyen fita suke naɗe goro, su dama fura a ƙwarya, su ɗebi ruwa a tulu da gora da salka. Duk waɗannan idan sun tsufa ƙasa takan cinye su. Yanzu kuwa duk wanda ya ratsa filin wata babbar kasuwa washegarin ranar cinta, kamar ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, ya san abin da ake bari a ƙasa: baƙar leda da ledar ruwa da gorunan roba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa a 1950 tan miliyan 2 na roba aka sarrafa a duniya, amma a 2015 ya kai tan miliyan 380, kuma kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar robar aka sake sarrafawa. Wani kuma na 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai tsakanin tan miliyan 4.8 da miliyan 12.7 ne suka shiga teku daga tudu, ya kuma sa Nijeriya ta tara a jerin ƙasashen da sharar robarsu ke watse ba kulawa.

A nan sai malami ya yi hattara, kada ɗokin darasi ya kai shi ga ƙari. A 2017 wasu masana a Jamus sun sa Kwara cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. A 2021 wani binciken ya gyara wannan hoto, ya nuna cewa koguna fiye da 1,000 ne ke ɗauke da kashi 80 cikin ɗari, kuma ƙananan kogunan da ke ratsa manyan biranen gaɓar teku sun fi laifi. Gulabenmu na damina ne, da rani yashi suke komawa, ga kuma madatsun Goronyo da Kainji da Jaba a kan hanya. Ke nan yawancin ledar Zurmi ba ta isa Atlantika. Tana maƙalewa a fadama da magudanar ruwa da gona, ko ta ƙare a tumbin akuya, kamar yadda kowane mahauci zai shaida. Wannan bai rage darajar darasin ba. Cuta ɗaya ce, mu muna ganin kanta, masu jirgi suna ganin wutsiyarta.

3.0 Waɗanda Suka Fara Gani

Cikin waɗanda suka fara ganin ƙazantar tsakiyar teku har da maƙwabcinmu. A 1969 Thor Heyerdahl, mutumin Norwe, ya ɗauko masassaƙan jirgi daga Tafkin Cadi suka ɗaure masa jirgin ciyawar ruwa mai suna Ra, ya tashi daga Safi ta Maroko da nufin ƙetare Atlantika. Ɗaya daga cikin mutane bakwai da ke cikinsa Abdullahi Jibrin ne, mutumin Cadi. Jirgin bai kai gaci ba. Na biyunsa, Ra II, ya isa tsibirin Barbados a 1970 bayan kwana 57, kuma a kwana 43 daga ciki matafiyan sun ga curin baƙin mai yana yawo a kan ruwa. Sun kai rahoto Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1972 aka wallafa rahoton kimiyya a kan ɓarɓashin roba da aka taras a Tekun Sargaso, a yammacin Atlantika.

A 1997 Charles Moore yana komawa Kalifoniya daga Hawai a jirginsa Alguita, sai ya ratsa wani yanki na Tekun Fasifik da jirage ba su cika bi ba saboda ƙarancin iska, ya yi kwanaki yana ganin tarkacen roba. Ya koma a 1999 da taru, ya auna, ya taras nauyin robar ya ninka na ƙananan halittun saman ruwa har sau shida. Mata ma ba a bar su a baya ba: a 2014 mata 14 sun ƙetare Atlantika a jirgin Sea Dragon a ƙarƙashin shirin eXXpedition, wanda Emily Penn da Lucy Gilliam suka kafa.

4.0 Rayuwa a Cikin Jirgi

Domin bayani ya tsaya a kan abu guda, za a ɗauki jirgin Corwith Cramer, na wata cibiyar koyar da ilimin teku da ke Woods Hole a Amurka. Jirgin ƙarfe ne, tsawonsa kimanin mita 41, an ƙera shi a Sifen a 1987. Yana ɗaukar ɗaliban jami'a su yi makonni a teku, su ne ma'aikatan jirgi, su ne kuma ma'aikatan ɗakin gwaji.

Me ya sa ake son jirgi mai tafiya da iska? Ba ya shan mai sosai, saboda haka yana iya daɗewa nesa da gaɓa da kuɗi kaɗan. Bugu da ƙari, aikin da kansa ba ya son gudu, kamar yadda za a gani.

4.1 Zama da Karɓa-karɓa

Hanya mafi sauƙi ta bayyana wa yaro zaman jirgi ita ce a kwatanta shi da ayarin fatake. Akwai madugu, wato kyaftin, wanda maganarsa ce yankan ƙauna. Akwai mataimakansa, da babban mai bincike, da mai kula da inji, da mai dafa abinci. Kowa ya san matsayinsa, kowa ya san kayan da ke wuyansa. Inda suka bambanta shi ne ayari yana da zango, jirgi ba shi da shi. Rana ta faɗi ko ta fito, tafiya ake yi, don haka dole a sami waɗanda idonsu biyu a kowane lokaci.

Saboda haka akan raba mutane rukuni uku suna karɓa-karɓa. Tsarin da aka daɗe ana bi a wannan jirgi a da ya raba yini gida biyu na awa shida-shida, dare kuma gida uku na awa huɗu-huɗu. Da yake biyar ba ta rabuwa uku daidai, lokacin kowane rukuni yakan zagaya, ba wanda zai dawwama a tsakar dare shi kaɗai. Adalci ne da lissafi ya samar. Wanda ke kan aiki ko dai yana riƙe da sitiyari, ko yana tsaye a goshin jirgi yana duban hanya, ko yana jan igiyoyi, ko yana ɗakin gwaji, ko yana wanke-wanke. Kowace awa wani zai zagaya jirgi ya duba ko ruwa na shiga ko wani abu na ƙonewa, a kuma rubuta yanayin iska da na sama a kundi. Da dare jar fitila ake kunnawa, domin farin haske yana kashe ido daga ganin duhu. Har yanzu ana koya wa ɗaliban gane inda suke ta hanyar auna rana da taurari, ilimin da ba baƙo ba ne ga jikokin waɗanda suka san Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta.

Kwanakin farko su ne mafiya wuya. Ƙasa ba ta tsaye, jiri da tashin zuciya sukan kama mutane da yawa, har sai jiki ya saba. Makwanci ɗan akurki ne a jikin bango, mutum da jakarsa, labule ne kaɗai sirrinsa. Teburin cin abinci a rataye yake yadda zai tsaya daidai idan jirgi ya karkata, kuma duk abin da ba a ɗaure ba zai tashi. Wani abin mamaki ga yaro shi ne ƙarancin ruwa a tsakiyar ruwa. Na teku gishiri ne, ba ya shawuwa. Na sha sai wanda aka ɗauko a tanki ko wanda na'ura ta cire wa gishiri, don haka wanka ba kullum ba ne. Mutumin da ya taɓa tonon yashin gulbi da bazara yana jiran ruwa ya tsattsafo ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Musulmin da ya shiga irin wannan jirgi yana da sauƙi ɗaya, domin malaman fiƙihu sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, sai dai ya riƙa lura da alƙibla duk lokacin da jirgi ya juya.

4.2 Jan Taru

Wannan shi ne zuciyar tafiyar. Sau biyu a rana, wajen tsakar rana da tsakar dare, akan rage gudun jirgi ya koma kamar tafiyar mutum a ƙasa ba gaggawa, wato kimanin kilomita 3.7 a awa. Sai a saki wani taru mai bakin ƙarfe, faɗinsa mita ɗaya, rabinsa a ruwa rabinsa a sama. Idon tarun kashi ɗaya cikin uku ne na milimita, kamar na matankaɗin gari. A gefen jirgi ake jan sa, ba a baya ba, domin ruwan da jirgi ya dama yakan nutsar da abin da ke yawo a sama. Bayan minti 30, an ci mil ɗaya na teku, wato mita 1,852, sai a jawo shi, a wanke abin da ya kama zuwa cikin bokiti.

Abin da ke fitowa kwaɓaɓɓen haɗi ne na ƙananan halittu da ciyawa da ƙwan kifi, da roba a tsakaninsu. Sai ɗalibi ya zauna da rariya da matsefata yana tsince robar ɗaya bayan ɗaya, jirgi yana tangaɗi, wani lokaci ƙarfe biyu na dare. Yawancinta ba ta kai ƙwayar dawa ba. Duk wadda ba ta kai milimita 5 ba ita ce ake kira ɓarɓashin roba, sunan da ya bazu bayan wata maƙala ta Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a 2004. Ana ƙirgawa, a rubuta adadi da rana da lokaci da wurin da aka ja tarun. Masu bin zaren roba mafi ƙanƙanta har kayan jikinsu sukan kula da su, domin rigar roba tana zubar da zare, mai bincike ya ƙirga abin da ya faɗo daga hannun rigarsa ya ɗora wa teku.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan aji shida zai iya shi. Taru mai faɗin mita ɗaya da aka ja mita 1,852 ya tace murabba'in mita 1,852. A ce an sami ɓarɓashi 20. Murabba'in kilomita ɗaya ya ƙunshi murabba'in mita miliyan ɗaya, wato kimanin ninki 540 na wurin da aka tace. Ke nan 20 sau 540, kimanin 10,800 a kowane murabba'in kilomita.

A nan ne amana ke shigowa. Ba mai tsaye a kan ɗalibi da dare. Yana iya gajiya ya ce ashirin alhali talatin ne. Haka kuma ranar da taru ya fito ba komai, dole a rubuta sifiri, domin wanda ke rubuta ranar samu kaɗai ya ɓata lissafi tun daga tushe.

5.0 Abin da Ƙidaya ta Nuna

A 2010 Kara Lavender Law da abokan aikinta suka tattara abin da ɗaliban cibiyar suka ƙirga daga 1986 zuwa 2008 a yammacin Atlantika ta Arewa da Tekun Karibiyan: jan taru fiye da 6,100, ɓarɓashi fiye da 64,000, duk da hannu. Sun ga robar ta fi taruwa can tsakiyar teku, inda igiyoyin ruwa ke kewayawa, ba kusa da gaɓa ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, cikin waɗannan shekaru 22 ba a ga adadin ya ƙaru a fili ba, alhali robar da ake sarrafawa a duniya ta yi ta hauhawa. Ba su ɓoye wannan sakamako ba ko da yake ba shi aka zata ba, kuma shi ya ƙara tura masana neman inda sauran take: ƙarƙashin teku, da gaɓa, da cikin halittu, da wadda ta niƙe har ta fi ƙarfin idon taru.

A Fasifik, binciken 2018 ya ƙiyasta faɗin babbar matattarar da Moore ya ratsa da murabba'in kilomita miliyan 1.6. Nijeriya ɗungurungum 923,768 ce. Kada malami ya ce wa yara tsibirin shara ne da ake takawa. Ya fi kama da barkono a romo: yana ko'ina, amma sai an tace ake ganin yawansa. A 2019 kuma jirgin Tara na Faransa ya bi bakin manyan kogunan Turai guda tara, ciki har da Tems da Rayin da Sen, ya sami ɓarɓashin roba a kowannensu. Wato masu binciken teku da kansu sun biyo sawu sun dawo kogi.

6.0 Matsalar Kalmomi

Mai koyar da wannan darasi zai yi karo da abubuwan da Hausa ba ta tanadar wa suna ba. Kafin ya ruga aro, ya duba yadda harshen ya saba yi. Kalmar jirgi da can na ruwa take nufi. Da na dogo ya zo, wanda ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sai aka faɗaɗa ma'anarta aka ce jirgin ƙasa, daga baya jirgin sama, har ta kai mai asalin sunan sai an ce masa jirgin ruwa kafin a gane shi. Leda da roba kuwa aro ne daga Ingilishi, kuma duka biyun sun sauka daga ma'anarsu ta asali: ta farko fata take nufi a can, ta biyu kuma danƙon itace.

Ta hanyar faɗaɗa ma'ana aka yi amfani da taru da matsefata da rariya a wannan darasi. Ta hanyar harɗantawa aka sami ɓarɓashin roba. Wurin da igiyoyin teku ke kewayawa kuwa ana iya kiran sa majuya, da ɗafa-goshin ma- mai nuna wuri, kamar a marina da masaƙa da mahauta.

Wanda ya fi wuya shi ne babban ƙyallen da ake ɗaurawa a ginshiƙin jirgi iska ta tura. Jiragen gulabenmu da gora ake tura su ko a tuƙa da hannu, shi ya sa babu wata kalma da ta zauna a bakin jama'a, duk da cewa alhazan da suka je Makka a ƙasa da irin waɗannan jirage suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. A ganin marubucin wannan darasi, ƙyallen jirgi ya wadatar, jirgin kuma a ce da shi jirgi mai ƙyalle. Jirgin iska bai dace ba, domin hankalin yaro sama zai tafi. Haka kuma kada malami ya gyara wa ɗan Zamfara gulbi ya ce sai kogi. Duka biyun Hausa ne, kuma nasa ne ya kamata ya fara jin sa a aji.

7.0 Jan Taru a Tudu

Ana iya kwaikwayon aikin jirgi ba tare da ruwa ba. A sami igiyoyi biyu masu tsawon mita goma-goma, a shimfiɗa su da tazarar mita ɗaya a tsakaninsu. Wannan fili shi ne bakin taru. A raba aji rukuni uku kamar na jirgi: masu tsinta da tsinke ko safar hannu, masu rarrabewa, masu rubutu. A ƙirga ledar ruwa daban, baƙar leda daban, marfi da gora daban, gutsattsarin da ba a gane asalinsu ba daban. A maimaita a wuri ɗaya, rana ɗaya ta kowane mako, har ƙarshen zangon karatu, rukunonin suna musayar aiki. A rubuta sifiri ranar da ya zo.

A harabar makaranta ko bakin titin da ke gabanta za a yi wannan aiki. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi wannan yanki tun wajejen 2011 ta sa bai kamata malami ya fita da yara bayan gari ko cikin gulbi ba, komai kyawun darasi. Abin da ake son gani na gulbi, a tambayi masunta da masu noman fadama. Na tumbi kuwa, a gayyato mahauci ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Jinga

1. Zana hanyar ruwa daga garinku har zuwa teku, ka nuna wuraren da leda ke iya maƙalewa.
2. An ja taru mai faɗin mita ɗaya tsawon mita 1,852, aka sami ɓarɓashi 35. Nawa ke nan a murabba'in kilomita? Rubuta bayanin lissafin da Hausa yadda ɗan aji shida zai gane.
3. Tattaro sunayen kayan su guda biyar daga bakin masuntan yankinku, ka nuna wanda za a iya faɗaɗa ma'anarsa ya shiga wannan darasi, tare da hujja.
4. Tsara darasin minti 40 a kan sashe na 4.1 domin aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ba tare da ka yi amfani da hoton teku ba.